Ko ka sani? Zanzaro ne ya tona shekarun zanen mutanen Gwion

A yankin Kimberley da ke arewa maso yammacin Ostireliya, akwai dubban zane-zanen mutane a jikin duwatsu, waɗanda kakannin 'yan asalin ƙasar suka bari. Ƙabilar Ngarinyin na kiran su Gwion Gwion. Mutane ne sirara dogaye, launinsu ja mai duhu, da adon kai mai tsini, da tuntaye na reto a damtse da ƙugu, wasu riƙe da lanƙwasassun sandunan jifa. In ka ƙura musu ido sai ka rantse rawa suke takawa.

Tun da wani Bature makiyayi, Joseph Bradshaw, ya ci karo da su a 1891, ake ja-in-ja kan shekarunsu. Har aka sami masu cewa wai wasu baƙi ne suka zana su. Wannan magana akwai raini a cikinta, domin 'yan asalin ƙasar sun haura shekara 50,000 a ƙasarsu.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne fentin. Jar ƙasa ce mai sinadarin ƙarfe, ba ta da kabon ɗin da ake awon shekaru da shi. Sai ga mafita daga inda ba a zata ba: zanzaro, ɗan'uwan wanda muke kankare gidansa a kusurwar ɗaki.

Tamatar ce ke ɗebo laka daga bakin ruwa, ta gina ɗakunanta a inuwar dutse, ta cusa gizo-gizo a ciki domin 'ya'yanta. Ƙasar Kimberley kuwa wutar daji ta sha cin ta, don haka lakar kan zo da ɓurɓushin gawayi. Gidan yakan rushe, amma gindinsa ya manne ya ƙanƙare, ya yi dubban shekaru. Gawayin nan ana iya auna shi, tunda nau'in kabon-14 da ke cikinsa rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730.

Dabarar ta burge ni ƙwarai. Gidan da aka gina a kan zane, zanen ya girme shi. Wanda fenti ya bi ta kansa, shi ya girmi zanen. In aka dace da duka biyun, an ritsa shekarun a tsakiya ke nan.

Damien Finch na Jami'ar Melbourne da abokan aikinsa sun bi wannan hanya da izinin masu ƙasar. A 2020 suka bayyana cewa salon Gwion ya bunƙasa kimanin shekara 12,000 da suka wuce, lokacin da teku ke ta tasowa tana cinye gaɓar yankin. A 2021 kuma gidajen zanzaron suka nuna cewa wani zanen kangaru mai tsawon mita 2, a rufin wani kogo a ƙasar ƙabilar Balanggarra, ya kai shekara 17,300.