Daren Kirsimeti A Jabo: Ga Wa Muka Dogara?

Daga Katikis, Tambuwal

Ga hunturu ya sake shigowa ƙasar Sakkwato. Hazo ya rufe gari, leɓe da kaushi sai tsagewa suke yi, da asuba kuwa sai ka iske tsofaffi sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. Gero da dawa sun shiga rumbu, masu fadama sun duƙufa ga aikin albasa. A wurinmu masu bi, sanyin nan shi ne ke tuna mana cewa lokacin jiran zuwan Almasihu ya yi, watau Lahadi huɗun da ke gaban Kirsimeti, waɗanda ake kira Adbent. Ina so mu yi wa kanmu tambaya guda a wannan lokaci: me muke jira, kuma ga wa muka dogara? Abin da ya sa tambayar ta tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a ƙasarmu ta Tambuwal a daren Kirsimetin 2025.

Abin Da Ya Faru

Ranar Alhamis ce, 25 ga Disamba, 2025. Mun yi sujadar safe, mun ci, mun sha, mun aika wa maƙwabta nasu rabo. Wajen ƙarfe goma na dare mutanen Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, suka ji wata ƙara mai girgiza ɗaki, sama ta yi ja kamar gobara. Wani abu ne ya faɗo cikin gona, ba nisa da ƙaramin asibitin garin. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasa ransa. Da gari ya waye aka ji Shugaban Amurka, Donald Trump, ya ce sojojinsa sun kai hari kan 'yan ƙungiyar IS a arewa maso yammacin Nijeriya, ya kuma ce saboda kisan Kiristoci ne. Gwamnatin Tarayya ta ce da saninta aka yi, kuma ba don wani addini guda aka yi ba. Ta bayyana cewa dajin Bauni a ƙaramar hukumar Tangaza, can arewa wajen iyakar Nijar, shi aka nufa, abin da ya faɗo a Jabo da kuma garin Offa na Jihar Kwara tarkacen makaman ne.

Ba wannan ne karo na farko da wuta ta sauko daga sama a jiharmu ranar Kirsimeti ba. A ranar 25 ga Disamba, 2024, a wani harin sama da sojojinmu suka nufi 'yan Lakurawa da shi, aƙalla mutum 10 suka mutu a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame. Shekara biyu a jere ke nan, a ranar da muke murnar haihuwar Sarkin Salama.

Ikkilisiyoyinmu na Tambuwal da Kebbe ƙanana ne. Yawancinmu malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiya, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa, wasu daga ƙasar Zuru, wasu daga kudancin Kaduna, wasu daga kudu. Idan Kirsimeti ta zo rabin jama'a sun tafi gida, waɗanda suka rage ba su cika benci shida ba. To, a daren nan wayata ba ta huta ba. Masu kirana kashi biyu ne. Wasu na rawar murya suna tambaya ko su haɗa kaya su bar gari da sassafe. Wasu kuwa, musamman waɗanda ke nesa, murna suke yi, suna cewa ai ga mai ceto ya zo. Zan faɗi gaskiya, ni kaina da na fara jin labarin sai da wani abu ya motsa a zuciyata, na ce ashe dai akwai wanda ya san da mu.

Ba na zargin kowa a kan tsoro, gama tsoron yana da dalili. Ba mu manta da kisan ɗalibar nan Kirista a birnin Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022 ba, da majami'un da aka far wa bayan haka. Amma kada mu manta kuma cewa matafiyan da 'yan bindiga suka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021 'yan'uwanmu ne na ƙasa. Mafi yawan waɗanda aka kashe, aka sace, aka kora daga gonakinsu a jihar nan Musulmi ne. Gonar da tarkacen ya faɗa wa a Jabo ta talaka ce, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganar Wata Uwa

Washegari na je gai da wata dattijuwa, ɗaya daga cikin iyayenmu na Zumuntar Mata, wadda ta fi shekara talatin a garin nan. Na iske ta tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Mama, kin ji abin da ya faru?" Ta ce, "Na ji, Malam." Na ce, "Wasu na cewa a tafi, wasu na cewa taimako ya zo. Ke me kika gani?" Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ɗana, wanda ya jefo abin nan ya san sunana? In na kwanta ciwo, shi zai kawo mini kunu? Matar gidan can ce za ta kawo, ga ta kuwa Musulma. Zanen aro ba ya rufe katara. Ni dai ina nan inda Allah ya ajiye ni."

Na yi karatun Littafi Mai Tsarki a makaranta har na karɓi takardar shaida, amma ranar nan a bakin ƙofarta na sake koyon Irmiya sura 17. A can annabin ya kwatanta mutum biyu. Wanda ya sa dogararsa ga ƙarfin ɗan adam kamar ƙaramin tsiro ne a busasshiyar ƙasa. Wanda ya dogara ga Ubangiji kuwa kamar itace ne da saiwarsa ta kai ga ruwa, zafi da fari ba su hana shi ganye. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, gama muna da gawo. Duk wanda ya bi hanyar Kebbe da rani ya gan shi: sauran itatuwa sun kaɗe, shi kuwa ya yi kore shar, awaki na hutawa ƙarƙashinsa. Asirinsa yana ƙasa, inda saiwarsa ta nutsa har ta iske ruwan da ido ba ya gani.

Yadda Aka Jira Almasihu

Jarabar da ta same mu a daren nan tsohuwa ce. Daga Annabi Malakai zuwa Yahaya Mai Baftisma an yi wajen shekara 400. A cikin wannan tsawon lokaci Helenawa suka mallaki ƙasar Yahudiya, daga baya Romawa suka karɓe Urushalima shekara 63 kafin haihuwar Almasihu. Jama'a suka gaji da haraji da wulaƙanci, da yawa suka ɗauka cewa Mai Ceton da aka alkawarta zai zo ne da doki da takobi. Waɗanda suka ƙosa suka tayar wa Roma a shekara ta 66 bayan haihuwar Almasihu, a shekara ta 70 kuwa aka rushe Haikali ƙurmus.

Amma Luka sura 2 ta nuna mana wasu masu jira na dabam. Akwai dattijo Saminu, wanda Ruhu Mai Tsarki ya sanar da shi cewa sai ya ga Almasihu kafin ya mutu. Akwai kuma Hannatu, gwauruwa, wadda Luka ya ambaci shekara 84 a kanta, kullum tana Haikali da azumi da addu'a. Da aka kawo jariri mai kwana 40, iyayensa na riƙe da hadayar tsuntsaye biyu irin ta matalauta, mutanen nan biyu suka gane shi nan take. Sauran jama'ar da ke cikin Haikali suka wuce abinsu, domin ba irin wannan ceto suke tsammani ba. Bayan Saminu ya rungumi yaron, Romawa suna nan, Hirudus yana kan gado, ba da jimawa ba ma Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririn da dare suka yi gudun hijira zuwa Masar. Duk da haka tsohon ya ce ransa ya kwanta. Begen Kirista ke nan, 'yan'uwa: sanin cewa Allah ya riga ya shigo cikin wahalarmu da kansa, kuma abin da ya fara zai ƙarasa shi a lokacinsa.

Ko Littafin da ke hannunmu da haƙuri aka same shi. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokansu suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma. Miller bai yi fushi ya tafi gida ba. Ya daɗe a ƙasar Zazzau yana magani, yana koyarwa, ya kuma ci gaba da fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Shekara 32 ke nan. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Jira Ba Zaman Banza Ba Ne

Wani zai ce, "Malam, watau mu naɗe hannu a yi ta kashe mu?" A'a. Manzo Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa, da manomi ya kwatanta mai jiran zuwan Ubangiji, manomi kuwa ba rago ba ne. Ku je fadamun Gulbin Zamfara wajen Kebbe a watan nan ku gani. Mai albasa yakan zuba iri a wurin reno, ya yi makonni yana ban ruwa kafin ya yi dashe. Bayan dashe sai ciran ciyawa, sai taki, sai tashin asuba cikin sanyin da ke sa hannu ƙagewa. Watanni zai yi bai sayar da buhu ko ɗaya ba. Ba zai iya jan ganyen albasa don ta yi saurin girma ba, in ya tone don ya duba kuwa ya kashe ta. Nasa shi ne aiki, girma na Allah ne. Sanyin da yake kuka da shi ma, shi albasar ke so.

Haka namu jiran ya kamata ya zama. Kare rayukan jama'a nauyi ne da Allah ya ɗora wa hukuma, kamar yadda Romawa sura 13 ta koyar, saboda haka ba laifi ba ne mu tuna wa masu mulki aikinsu, mu kai rahoton abin da muka gani, mu yi wa sojoji da 'yan sanda addu'a, da yawansu 'ya'yanmu ne. Ba rashin bangaskiya ba ne a mai da sujadar dare zuwa la'asar in hali ya kama, ko a guji tafiyar dare. Yusufu ma ya gudu da iyalinsa sa'ad da aka gargaɗe shi. Abin da ba za mu yi ba shi ne mu ɗauke zuciyarmu daga wurin Allah mu miƙa wa mai jirgin yaƙi, ko wane ne shi, ko mu yi murna da wutar da ta faɗa gonar maƙwabci. Mai jirgi zai koma ƙasarsa. Mu da mutanen Jabo, da na Dogon Daji, da na Sanyinna, da na Kuci, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha.

Abin Yi A Makonnin Nan

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Na ɗaya, kada mu bar taruwa. Ko mutum goma ne a majami'a, a buɗe ƙofa, a karanta Maganar Allah. Iyali kuma su keɓe ɗan lokaci kowane dare su karanta Ishaya da surorin farko na Luka tare da yara.

Na biyu, mu kame bakinmu da wayoyinmu. A daren Jabo na ji labarai iri iri, aka ce gari ya ƙone, aka ce gawa ba ta ƙirguwa, alhali ko akuya ba ta mutu ba. Kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, kada mu yar da al'adar iyayenmu ta kai wa maƙwabta abincin Kirsimeti. Kamar yadda aka saba, a kira maƙwabci Musulmi ya yanka kazar ko akuyar domin kowa ya ci da kwanciyar rai, yadda su ma sukan aiko mana da naman layya. Maƙwabcina, wani tela, shi ne ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da safen 26 ga wata, ya ce, "Malam, kun kwana lafiya? Kada ku ji komai, muna tare." Ban manta da wannan ba.

Na huɗu, mu tuna da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suna kwana a makarantu da kangaye cikin wannan sanyi. Kafin mu ɗinka wa kanmu sabon kaya, kowace ikkilisiya ta ware wani abu daga baikonta, ko bargo, ko kwanon gero, a kai musu ba tare da tambayar addininsu ba. Ubangijinmu ma ya yi gudun hijira tun yana goye.

Dattijuwar nan tana nan da ranta. Ran Lahadin farko na jira ita ce ta riga kowa zuwa, ta share majami'a, ta zauna a bencinta na gaba da mayafinta na sanyi. Allah ya ba mu irin zuciyarta. Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda ke hannun miyagu, ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya ba ƙasar Tambuwal da Kebbe da Nijeriya duka zaman lafiya. Ina yi muku barka da Kirsimeti tun yanzu, cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.