Bayan Kulle: Abin da Ƙwayoyin Cuta Suka Tarar da Aka Buɗe Ƙofofi

A ranar 30 ga Maris, 2020 ne dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, domin daƙile annobar korona. A tsakiyar Afrilu Kano ta bi sahu, ba a kuma janye dokar gaba ɗaya a can ba sai a farkon Yuli. Da kasuwanni suka cika, masallatai suka koma sahu-sahu, jama'a da yawa sun ɗauka al'amura sun koma yadda aka bar su. Amma a wajen masana kimiyyar halittu, tsugune ba ta ƙare ba, domin garkuwar jikin al'umma ta sauya a lokacin zaman gida.

Dalilin kuwa shi ne, jikin ɗan Adam yana koyon yaƙi da ƙwayar cuta ne ta hanya biyu: ko dai ya kamu da ita ya warke, ko kuma a yi masa allurar rigakafi. Idan mafi yawan mutanen gari suna da wannan garkuwa, ƙwayar cuta kan rasa wanda za ta kama, sai yaɗuwarta ta tsaya. To amma kullum ana haihuwa, kuma garkuwar da jariri ya samo daga mahaifiyarsa takan gushe cikin 'yan watanni. Saboda haka yara marasa kariya kan riƙa taruwa kamar busasshiyar ciyawa da hunturu, wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Kulle ya taɓa hanyoyin nan biyu. Ta fuskar farko, rufe makarantu da iyakoki da sanya takunkumin fuska sun hana wasu cututtukan numfashi yawo. Murar infuluwenza ta yi ƙaranci ƙwarai a 2020, har ma wani reshe nata mai suna Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris ɗin shekarar. Sai dai da aka sake cuɗanya, ƙwayar RSV, mai toshe ƙananan hanyoyin iska a huhun jarirai, ta dawo ba a lokacinta ba. A Ostireliya ta ɓarke cikin zafi a ƙarshen 2020, alhali an san ta da lokacin sanyi, a Amurka kuwa ta cika asibitocin yara a ƙarshen 2022.

Fuska ta biyu ta fi muni. Iyaye sun ƙaurace wa asibiti, an kuma karkatar da ma'aikatan lafiya zuwa yaƙi da korona. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa yaran da suka kammala allurai uku na rigakafin mashaƙo sun ragu daga kashi 86 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 81 a 2021, shekarar da yara miliyan 25 ba su samu cikakkiyar allurar ba.

A arewacin Nijeriya, inda dama rigakafi ke da rauni tun kafin annobar, giɓin ya ƙara faɗi. A Disambar 2022 aka ba da rahoton ɓarkewar mashaƙo a Kano, jihar da ta fi kowace yawan masu kamuwa, a 2023 kuma cutar ta bayyana a Matamaye ta jihar Damagaram a Nijar. Ƙwayar mashaƙo tana fitar da dafi mai haifar da wata fata mai kauri a maƙogwaro, wadda kan toshe numfashi, dafin kuma kan raunana zuciya. Yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

A ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona, amma sanarwa ba ta cike giɓin garkuwa. Allurar mashaƙo ana yin ta ne a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata na 9 da na 15. Yaron da aka haifa cikin kulle yanzu ya isa makaranta, kuma ko ya wuce waɗannan lokuta, ma'aikatan lafiya na iya cike masa abin da ya rasa. Ya kamata iyaye su ɗauko katin rigakafinsa su duba, domin rigakafi ya fi magani.