Tsohon Magini Da Littafin Buhari: Matsayin Tsufa Jiya Da Yau



A shekara ta 706 Hijiriyya, watau wajen 1306 Miladiyya, ɗaliban Hadisi a birnin Dimashƙa ta ƙasar Sham suka ci karo da wani suna cikin tsofaffin takardunsu. Al'adar malaman wancan zamani ce, in an gama karanta littafi a majalisi, sai a rubuta sunan malamin, da ranar, da wurin, da sunayen duk waɗanda suka halarta, har da ƙananan yaran da aka zo da su. Sunan kuwa shi ne Ahmadu ɗan Abu Ɗalibi. Da aka ci gaba da bincike sai aka ga yana cikin waɗanda suka ji Sahihul Buhari daga bakin Shaihu Ibnuz Zabidi a shekara ta 630. Mutumin yana nan da rai, tsoho ne ya haura 80, ya yi shekaru yana shugabantar masu sassaƙar dutse, shi ya sa a ke yi masa laƙabi da Alhajjaru. Ba malami ba ne, ko rubutu ma ba ya yi.

Tun daga nan wannan tsoho bai sake samun hutu ba. Manyan malamai suka riƙa gurfana gabansa suna karanta masa Buhari, yana saurare. Ibnu Kasir, mai Tafsiri, wanda shi ma ya ji daga gare shi, ya ce an karanta masa littafin wajen sau 60, Ibnu Hajar kuwa ya ce abin ya wuce sau 70. An kai shi Alƙahira, har Sarkin Masar Annasiru ya ji daga gare shi, ya sa masa rigar girma. Ya rasu a shekara ta 730, yana da shekara fiye da 100.

Mai karatu zai ce, to, me malamai su ke nema wurin mutumin da bai iya fassara musu ko hadisi ɗaya ba? Abin da su ke nema shi ne uluwwul isnadi, watau gajartar silsilar masu ruwaya tsakanin ɗalibi da mai littafi, har zuwa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk sa'ad da mutanen silsila suka yi kaɗan, ƙofofin kuskure sun ragu ke nan. Ba abin da ke gajarta silsila kuwa kamar wanda ya ji yana yaro, ya isar yana tsoho tukuf. A duba: wata yarinya mai suna A'ishatu 'yar Muhammadu ɗan Abdulhadi ta ji daga Alhajjaru tana ƙarama, ta rayu har 816, Ibnu Hajar ya yi karatu a wurinta. Daga 630 zuwa 816 shekara 186 ce, mutum biyu rak suka ɗinke ta. Kafin su an yi Karimatu Almarwaziyya a Makka, wadda ta rasu a 463 tana kusan shekara 100, Alhaɗibul Bagdadi ya karanta mata Buhari cikin kwana 5.

A irin wannan zamani, ashe, tsawon rai da kansa dukiya ne ga al'umma.

Amma kada a ɗauka magabata sun rufe ido ga abin da tsufa ke yi wa hankali. Alƙur'ani da kansa, cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci matakin rayuwa da mutum ke kaiwa har sanin da ya ke da shi ya kuɓuce masa. Malaman Hadisi sun buɗe babi guda a kan wannan, suna kiransa ihtilaɗi, watau rikicewar hadda a ƙarshen rayuwa. Hukuncinsu kuwa na adalci ne ƙwarai: abin da aka ji daga malami kafin ya rikice a karɓa, abin da aka ji bayan haka a dakata. Ba su zubar da aikin shekara 50 saboda tuntuɓen shekara 2. Abdurrazaƙi na San'a'a, wanda ya rasu a 211, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, har ya zama in an laƙƙana masa magana sai ya karɓa. Imamu Ahmadu, wanda ya je wurinsa kafin shekara ta 200, ya rarrabe tsakanin masu ji na farko da na baya, littafinsa Almusannafu kuwa har gobe ana dogara da shi.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Jariru ɗan Hazimu na Basra. Da 'ya'yansa, waɗanda su ma ma'abuta Hadisi ne, suka lura tsohonsu ya fara rikicewa, sai suka killace shi, ba wanda ya sake jin kome daga gare shi. Da wannan suka tsare Hadisi, suka kuma tsare mutuncin mahaifinsu.

Har an yi saɓani a kan shekarun ajiye karantarwa. Alƙali Arramahurmuzi, na ƙarni na 4, ya fi son wanda ya kai 80 ya koma ga tasbihi da tilawa. Ibnus Salahi ya nuna cewa abin ya danganta ga halin mutum ne, gama Anas ɗan Maliku da Imamu Maliku da waɗansu da dama sun wuce 80 suna karantarwa, hankalinsu garau. Ni ma wannan na fi karkata gare shi, don na ga mai 60 da ya rikice, na kuma ga mai 90 da ya gyara mini i'irabi.

Ƙasarmu ba ta fita daga wannan tsari ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karanta Buhari wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda ya yi karatu a Hijaz, malaminsa Jibrilu ɗan Umaru kuwa ya sadu da Murtala Azzabidi a Alƙahira ya karɓi ijaza. A kan haka makarantun zaure suka ginu, ɗalibi ya bi dattijo littafi bayan littafi.

Sa'an nan injin ɗab'i ya zo. Da aka buga Buhari a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar a 1311 bisa umurnin Sarki Abdulhamid na Biyu, ingantaccen littafi ya shiga hannun duk mai kuɗin saye. Bayansa rediyo, bayan rediyo kaset, yau kuma ga waya a aljihun kowane yaro, ɗauke da littattafan da Alhajjaru bai taɓa jin sunansu ba. Alheri ne babba, ban musa ba, ni kaina da shi na ke duba hadisi in dare ya yi. Sai dai ya ɗauke wa tsoho aikin da ya sa a ke tattaki zuwa ƙofarsa, ya kuma kawo masa wani haɗari sabo.

Ga abin da na gani da idona. Wani dattijon malami da na yi karatun Risala a zaurensa ya manyanta ƙwarai, amma makusantansa suka ci gaba da fito da shi tafsirin azumi, saboda taro yana cika da sunansa. Wata rana ya haɗa ƙarshen wata aya da farkon wata, alaramma ya ja masa, bai ji ba. Wani matashi ya ɗauka da waya, kafin a sha ruwa abin ya zagaye gari. Masu dariya ba su san shekara nawa ya yi yana karantar da iyayensu kyauta ba. Na fi ganin laifin waɗanda suka zaunar da shi gaban lasifika a kan na yaron, gama su sun san halin da ya ke ciki tun kafin watan ya kama.

Bayan Salla na je gaishe shi. Na tarar da shi a kan buzunsa, ba kowa a zauren sai jikansa. Ya tambaye ni sunana sau 2. Da na ɗauko masa wani babi na Risala don in ji, sai ya karɓe shi daga bakina, ya kai shi ƙarshe ba tare da ya tsallake kalma ba.