Daga Samaru Zuwa Maraɗi: Nazari Kan Annoba, Rikiɗarta da Allurar Rigakafi

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya zuba ido ga hanyar nan da ta taso daga Kwangila ta miƙe zuwa Shika da Giwa da Funtuwa, inda ta rabu, wani reshe ya nufi Gusau da Sakkwato, wani ya nufi Katsina da Jibiya har Maraɗi, ba ya bukatar malamin da zai karanta masa cewa mutanen wannan nahiya, ko da yake Ingilishi da Faransi sun raba su gida biyu a kan taswira, har yau cinikinsu ɗaya ne, auratayyarsu ɗaya, kuma in ciwo ya sauka, shi ma ɗaya ne. Sabon Gari kuwa tun asalinsa hanya ce ta haife shi, domin ya kafu ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan da dogo ya iso Zariya a wajen 1911. Kuma ba a yi shekara goma ba sai ga wannan dogo, wanda aka shimfiɗa domin auduga da gyaɗa, ya zama sababin yaɗuwar marisuwa, murar nan mai kisa da jirgin ruwa ya sauke a Ikko cikin Satumba 1918.

Da korona ta zo, sai hukumomi suka ɗauke ta tamkar baƙon da za a tsayar a shingen kwastan. An tabbatar da ita a Ikko ranar 27 ga Fabrairu 2020 a jikin wani Ba'italiye, a Yamai kuwa ranar 19 ga Maris, a jikin wani ma'aikacin kamfanin sufuri da ya zago ta Lome da Akara da Abijan da Wagadugu. Abin lura shi ne, a wancan lokaci iyakokin Nijeriya na ƙasa a rufe suke tun Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, alhali kowa ya san ɓarauniyar hanya ba ta taɓa mutuwa ba, kuma 'yan ci-rani da masu shayi da masu gadi da ke zaune a Samaru da Sabon Gari ba su daina kai-komo zuwa garuruwansu ba. Saboda haka nauyin dokar bai faɗa kan cuta ba kamar yadda ya faɗa kan talaka. Gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle a ƙarshen Maris, kwana kaɗan kafin Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya bayyana cewa shi kansa ya kamu. Aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka rufe jami'a, sa'an nan yajin aikin malamanta ya ɗora har zuwa Disamba, sai Samaru, wadda arzikinta ɗalibai ne, ta wayi gari masu abinci da masu kwafin takardu da masu gidajen haya duk sun yi tagumi. Mafi muni a ganina shi ne mayar da almajirai jihohinsu cikin manyan motoci a Afrilu da Mayu, a daidai lokacin da malamai ke tunatar da jama'a horon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da shiga ƙasar da annoba ta sauka ko fita daga cikinta. Aka kuwa samu cutar a jikin da yawa daga cikin yaran da aka kawo Kaduna daga Kano.

Mas'alar rikiɗa ita ce ta fi wuyar shiga kunnen jama'a, alhali ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ƙwayar cuta, duk lokacin da ta hayayyafa a jikin mutum, takan yi kuskure wajen kwafar kanta, kamar yadda mai kwafar littafi kan tsallake wasali ko ya sauya harafi. Galibin kurakuran ba su da tasiri, amma jefi-jefi akan sami wanda zai ƙara mata saurin kamawa ko dabarar zille wa garkuwar jiki, kuma gwargwadon yawan jikunan da ta samu, gwargwadon yawan damar da take da ita ke nan. Haka aka sami Alfa a Ingila, da Beta a Afirka ta Kudu, da Delta a Indiya, wadda ta bayyana a Nijeriya cikin Yuli 2021. Da masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka fallasa Omikron a Nuwamba 2021, ladan da aka ba su shi ne rufe musu ƙofa, har Ingila ta haɗa da Nijeriya a farkon Disamba, kafin ta janye bayan kwana goma ko ƙasa da haka, da ta ga cutar ta riga ta cika mata gida.

Amma mu a Arewa mun riga mun ga irin wannan a sanƙarau. A 2010 aka fara wata sabuwar allura a Barkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi baya a 2011, aka karya lagon nau'in da ya yi ɓarnar 1996. Sai wani nau'i dabam, wanda allurar ba ta tsare shi, ya ɓullo a yankin Sakkwato a 2013, ya addabi Nijar a 2015, ya sake tasowa daga Zamfara a ƙarshen 2016, inda aka ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,000 suka riga mu gidan gaskiya.

To, me ya sa allurar korona ta yi jinkiri a wannan yanki? An saba ɗora laifin kan ƙin jama'a, ni kuwa ina ganin adalci shi ne a fara da rashin allurar kanta. Gana ce ta fara karɓar rabo daga asusun haɗin gwiwa na duniya ranar 24 ga Fabrairu 2021, Nijeriya ta karɓi kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, Nijar kuma ta fara da 400,000 da Sin ta ba ta; ba a je ko'ina ba Indiya, wadda a can ake sarrafa galibin rabon namu, ta tsayar da fitarwa saboda Delta ta taso mata. Da ƙasashe masu hali suka ƙoshi, sai suka turo ragowarsu wadda ajalinta ya kusa, har a Disamba 2021 aka kai fiye da miliyan 1 juji a Abuja aka lalata a gaban 'yan jarida. Mutumin da ya ga wannan a wayarsa, yaya za a hana shi shakka?

Shakkar kuma tana da asali. Ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin ɓarnar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu; kuma kan wannan tabo ne shubuhar allurar shan-inna ta tsiro a 2003, har aka dakatar da ita a Kano da Zamfara da Kaduna, aka tura masana, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello, su binciki abin da ke cikinta. Kafin Kano ta amince a Yuli 2004 da wadda aka sayo daga Indonesiya, cutar ta riga ta kama hanya, daga bisani ta sake kunno kai a ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da Indonesiyar kanta. Abin da ya gyara al'amarin daga bisani shi ne shigar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da dagatai da masu unguwanni da limamai, da matan da ke bi gida-gida, har aka shelanta kawar da shan-inna ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020. Korona ba ta sami irin wannan haƙuri ba. Ga kuma hujja a hannun mai gardama, domin mamatan da aka rubuta a Nijeriya ba su kai 3,200 ba, na Nijar 300 da 'yan kai, ko da yake ƙarancin gwaji da mace-macen da suka yawaita a Kano cikin Afrilu 2020 sun isa su hana mai hankali dogara ga wannan lissafi. Da yawa ba su miƙa dantse ba sai da tilas ta zo: ma'aikatan tarayya daga 1 ga Disamba 2021, da maniyyata, waɗanda bayan shekara biyu babu aikin Hajji daga waje, suka tarar da katin allura ya zama sharaɗi a 2022.

Illar da ta fi daɗewa kuwa ta faɗa kan yaran da aka haifa a watannin kulle, lokacin da iyaye mata suka ƙaurace wa asibitocin sha-ka-tafi, ma'aikatan lafiya kuma hankalinsu ya koma ga annoba ɗaya, a yankin da dama can rigakafin jarirai ya yi ƙaranci. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, cutar da allurarta ta fi shekara tamanin a duniya, Kano ta zama cibiyarsa, Kaduna da Katsina da Yobe suka samu rabonsu. Kuma a tsakiyar 2023, a daidai lokacin da aka sake garƙame iyaka saboda juyin mulkin Yamai, sai ga shi an same shi a Matamaye ta jihar Damagaram, tafiyar 'yan sa'o'i daga Daura.