Garar Maryland ba ta da suri, kuma sarauniyarta ba ɗaya ba ce

Tun da sanyi ya fara sauka muke samun kira daga gidajen jama'armu a kan abu ɗaya: an tashi da safe an tarar da ƙananan fuka-fukai zube a bakin taga, ko a ɗakin ƙasa. Wani Babanmu da ya sayi gida nan kusa ya ce mana shinge ne kawai, ya fesa magani, ya share, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa in abin ya dawo, sai a nemo uwar a kashe kamar yadda ake yi a gida. Baba, da girmamawa, wannan dabarar ba ta aiki a nan, kuma dalilin yana cikin jikin garar ne.

Wanda ya taɓa bin hanyar Tamale ya ga suri masu tsawo fiye da mutum. Irin garar da ke gina su, kamar Macrotermes bellicosus, tana da sarki da sarauniya a wani ɗaki mai tauri a ƙarƙashin surin. Sarauniyar kan kumbura ta kai tsawon yatsa ko fiye, tana zuba ƙwai dubbai a rana, kuma tana iya kai shekara 20, alhali ma'aikatanta watanni kawai suke yi. A wannan irin, tun gara tana ƙarama ake raba mata hanya, ma'aikaciyar da ta girma ba ta komawa ta haihu. Shi ya sa manomi in ya haƙa ya ciro uwar, galibi surin yakan mutu. Iyayenmu ba su yi kuskure ba.

Ta Maryland kuwa, Reticulitermes flavipes, ba ta tara ƙasa sama. A ƙarƙashin ƙasa take zaune, ta warwatsu, tana hawowa cikin katakon gida ta siraran hanyoyi na laka. Babban bambancin shi ne 'ya'yanta ba a rufe musu ƙofa. Ma'aikaciya tana iya zama ma'aikaciya har ta mutu, tana iya saɓa fata ta zama soja, tana kuma iya zama mai haihuwa ba tare da ta taɓa yin fiffike ba. Gida ɗaya kan tara irin waɗannan sarauniyoyin maye masu yawa.

To ta yaya 'yan uwa ɗaya uba ɗaya za su bambanta haka? Kowace gara tana ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce cikin jiki na yadda za a gina shi. Umarnin yin ƙwai yana jikin ma'aikaciya, na yin babban kai da muƙamuƙi irin na soja ma yana nan. Sai dai ba duka ake karantawa ba. Ku ɗauka kamar gidan da aka ja wa waya a kowane ɗaki, amma wuta na ci ne kawai inda aka danna makunni. Tambayar masana ita ce, wa ke danna makunnin?

An samu wani ɓangare na amsar a kan wannan garar tamu ta nan. A 2006, Michael Scharf da abokan aikinsa a Jami'ar Florida sun nuna cewa jikin ma'aikata cike yake da wani furotin mai suna heksamarin, wanda ke danne tasirin sinadarin ƙuruciya, wato sinadarin da in ya yi yawa yake tura ma'aikaciya ta zama soja. Da suka kashe makunnin ƙwayoyin gadon da ke yin heksamarin, sai aka samu ƙarin ma'aikata suna rikiɗa zuwa soja. Ashe zama ma'aikaciya ma aiki ne da jiki ke yi kullum, birki ne aka taka.

Ta fuskar sarauta, labarin ya fi daɗi. A 2009, Judith Korb ta Jamus da tawagarta sun yi gwaji a kan wata garar Ostireliya. Sun kashe ƙwayar gado guda ɗaya tak, Neofem2, a jikin sarauniya. Sarauniyar na nan da ranta, tana zaune a wurinta, amma ma'aikata suka fara tunkuɗar juna da kai, abin da suke yi in uwa ta mutu ana neman magajiya. A wurinsu ta riga ta tafi, don saƙonta ya daina isowa. Shekara ɗaya bayan haka Kenji Matsuura na Japan ya gano ƙanshin da sarauniyoyin wata 'yar uwar garar Maryland ke fitarwa, haɗin sinadarai biyu, wanda ke hana sauran zama masu haihuwa. Ƙwayayen da ta zuba ma suna fitar da shi. Muddin ana jin ƙanshin, makunnin haihuwa a kashe yake. Ya ragu, sai a kunna.

Yanzu ku duba abin da wannan ke nufi ga gidan Baba. Masu fiffiken da ya fesa wa magani waɗanda suka fito neman kafa sabon gida ne, kuma yawancinsu in sun faɗo cikin ɗaki bushewa suke su mutu ko ba a taɓa su ba. Fitowarsu alama ce cewa akwai gidan gara da ya yi shekaru a ƙarƙashi ko kusa. Ko da an yi sa'a an kashe uwa, ko an raba wani sashe da ita, ƙanshinta zai ɗauke a can, wasu su hau gadon. Saboda haka masu aikin kashe ƙwari ba uwa suke farauta ba. Ko dai su zuba magani a ƙasar da ke kewaye da harsashin gida, ko su binne abinci mai guba a hankali, wanda ma'aikata ke kwasa su raba wa kowa, ya hana su saɓa fata.

Muna jaddada wannan ne don inshorar gida a Amurka yawanci ba ta biyan ɓarnar gara, kuma da yawa cikin iyayenmu gumin shekaru ashirin suka zuba a gida ɗaya. Kafin a ɗauki kowane kamfani, a tabbatar yana da lasisin Ma'aikatar Gona ta Maryland, a kuma ji farashin biyu ko uku. Ba gaggawar kwana ɗaya ba ce, gara a hankali take ci.

Kada kuma a ruɗe da tururuwa mai fiffike. Gara fuka-fukanta huɗu tsawonsu ɗaya, jikinta miƙe ba tsukakken ƙugu. Wanda ya gani ya zuba kaɗan a leda, ya ɗauki hoto, ya ba ɗaya daga cikin matasanmu. Za mu tura wa sashen wayar da kan jama'a kan gida da lambu na Jami'ar Maryland, suna amsa irin waɗannan tambayoyin ta intanet kyauta.