Rawar jikin yaro a rumfar wasa: iskoki ne ko tsoro?

Ranar 21 ga Maris 2021, ƴan bindiga bisa babura suka kashe mutum 137 a Intazayan, Bakorat da Wistan, cikin gundumar Tilliya a arewacin jihar Tawa. UNICEF ta ce 22 daga cikinsu yara ne. Yaran da suka tsira daga irin wannan bala'i, har da waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Sakkwato zuwa yankin Bangi na jihar Tawa, ma'aikatan jinƙai kan tara su a rumfa, a shimfiɗa tabarma, a ba su ƙwallo da takardar zane. Abin da jikinsu ke yi a wurin yakan tayar da maganganu irin waɗanda ake ji daga Tawa har Bambeye. Ga tsaba, ga tsakuwa.

"Wasa ɓata lokaci ne." Ƙarya ne. Ɗan shekara biyar ba shi da bakin bayyana abin da idonsa ya gani, sai hannunsa ya nuna. A kan haka Virginia Axline ta Amurka ta gina littafinta na 1947 game da jinya ta hanyar wasa. Amma ba kowace rumfa ce asibiti ba, jinya sai da wanda ya koyi aikin.

"Zuciyarsa na bugawa, yana gumi, alhali ba abin da ya taɓa shi." Gaskiya ne. Yaro na tura motar kara, babur ya wuce a waje, sai ya tsaya cak, tafin hannu ya jiƙe, numfashi sama-sama. Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa ƙarar da ranar harin, ta sa wasu ƴan ƙullutai da ke saman ƙoda suka saki adirenalin da kotizol. Jini ya tafi ga tsokoki, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Wani ya ruga, wani ya kai duka, wani ya daskare.

"Rawar jikin nan iskoki ne." A yankin Adar na jihar Tawa, inda bori ke da tsohon tarihi, ba mamaki a fara zargin haka. Amma tsokar da ta ɗaure don gudu amma ba ta samu gudun ba takan yi karkarwa, kuma takan lafa idan babba ya zauna kusa, ya sassauta murya, ya ja numfashi a hankali tare da yaron. Idan kuwa yaron ya faɗi, ya fita hayyacinsa, ko jijjigar ta zo da zazzaɓi, wannan ba tsoro ba ne kawai. Yana iya zama farfaɗiya, sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A kai shi likita nan take.

"Mai maimaita wasan bindiga ɗan ta'adda zai zama." Ƙarya ne. Likita Lenore Terr ta bi diddigin yaran Chowchilla a Kalifoniya, inda aka sace 26 aka binne su cikin mota a 1976, ta ga yadda suke maimaita abin a wasa. Abin lura shi ne ko labarin na sauyawa: yau kowa ya mutu, gobe wani ya kawo ɗauki. Idan kullum iri ɗaya ne, yaron kuma na tashi a firgice, yana bukatar ƙwararre.

"A matsa masa ya faɗi komai, zai huce." Kuskure ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan zaman nan na lokaci ɗaya da ake sa mutum ya zayyana bala'in. A jagorarta ta 2013 ta kuma ce kada a hukunta yaron da ya koma fitsarin kwance, kada kuma a ba yaron da bala'i ya firgita ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam.

Alamar sauƙi a jiki take fara bayyana: barci ya daidaita, ya ci tuwonsa, ya koma cikin sa'o'insa. Idan wata guda ya wuce ba canji, uwa ko kaka ta kai shi asibitin gari, daga nan a tura shi babban asibitin Tawa in da bukata.