Kafin Ka Raina Tsohon Taragon Wasa, Juya Shi Ka Dubi Ƙasansa

Mai karatu, a ce kana zagaye a wurin masu gwanjon kayan wasan yara, sai ka ci karo da ɗan taragon jirgin ƙasa wanda bai wuce tafin hannunka ba, fentinsa ya koɗe, ƙafafunsa sun soma tsatsa. Ko dai ka wuce abinka, ko ka saya wa yaro ya riƙa ja a tsakar gida. A Ingila da Jamus da Amurka kuwa, akwai magidanta da dattawa da suka shafe shekaru suna tara irin waɗannan taragai, suna da ƙungiyoyi da ranakun baje koli. Da ganin tarago za su faɗa maka wanda ya ƙera shi da zamanin da aka yi shi. Ba duba suke yi ba, alamu suke karantawa, kuma kai ma za ka iya.

Fara da juya shi. Yawancin kamfanoni suna buga sunansu a ƙasan tarago. Märklin na garin Göppingen a Jamus ya kafu tun 1859, Lionel na Amurka a 1900. A Liverpool ta Ingila, Frank Hornby, mai kamfanin Meccano, ya fito da jiragensa na farko masu wani kamar agogo a 1920, sannan a 1938 aka fito da ƙanana masu suna Hornby Dublo. Sunan ƙasa ma shaida ne. In ka ga an rubuta "West Germany", to an ƙera shi bayan raba Jamus gida biyu a 1949, kafin haɗewarta a 1990. In ka ga sunan Hornby tare da na ƙasar Sin, ka san ɗan bana-bakwai ne, don sai a shekarun 1990 kamfanin ya mayar da aikinsa can.

Daga nan sai ka ɗauko ruler ka auna tsakanin ƙafar hagu da ta dama, domin ka san faɗin layin dogon da yake hawa. Milimita 32 shi ne ajin da ake kira O, manyan taragai ke nan. Milimita 16.5 na OO ne ko HO, milimita 9 kuma na N. A nan sabon shiga yake ruɗewa: OO na Ingila da HO na Jamus da Amurka layi ɗaya suke hawa, amma girmansu ba ɗaya ba ne. Na OO kashi ɗaya ne cikin 76 na tarago na gaske, na HO kashi ɗaya cikin 87. Ka jera su, za ka ga na Ingila ya ɗan fi jiki.

Sai abin da aka yi shi da shi. Kanga masa maganaɗisu. In ya kama, langalanga ce da aka buga wa zane tun tana shimfiɗe, aka lanƙwasa, irin aikin da. In yana da nauyi amma bai kama ba, narkakkiyar tutiya ce aka zuba a mazubi. Roba kuwa sai a shekarun 1950 ta yawaita.

Haruffan jikinsa ma suna magana. A 1923 an haɗe kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya suka koma huɗu: LMS, LNER, GWR da SR. A ranar 1 ga Janairun 1948 gwamnati ta karɓe su duka. To amma kada ka yi saurin yanke hukunci, domin masu ƙera na wasa sun ci gaba da buga tsofaffin haruffan har farkon shekarun 1950. Shi ya sa ake haɗawa da duba ƙugiyar da ke haɗa tarago da ɗan'uwansa, wadda ta sha canza fasali, da kuma ƙafafun. Jiragen Dublo na farko suna hawa layi mai ƙarfe uku, na tsakiyan shi ke ɗauke da wuta. A 1959 kamfanin ya fito da mai ƙarfe biyu. Ka ɗora tsohon tarago mai ƙafafun ƙarfe zalla a kan sabon layin, nan take zai haɗa wuta, jirgi ya tsaya cak.

Yanzu ga inda mutane suke tafka asara. Mutum ya samu tarago mai shekara saba'in, sai ya ga ya yi dauɗa, ya sa soson ƙarfe ya dirje, ya shafa sabon fenti. Gyaran gangar auzinawa ke nan. A wurin masu tarawa, fentin asali ko ya koɗe ya fi sabo daraja nesa ba kusa ba, kuma kwalin da ya zo a ciki, wanda wani zai hura wuta da shi, yana ƙara masa kuɗi sosai. Buroshi mai laushi da busasshen ƙyalle sun wadatar. Ka kuma nisanta shi da laima, musamman da damina, saboda akwai wata cuta da ke kama tsohuwar tutiyar da dalma ta gurɓata: ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, daga baya ya ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. In ta kama babu magani, don haka ka duba tsaga da kyau kafin ka biya.

Iyaye kuma a kula. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, ga kuma kaifin bakin langalanga. Wannan ba abin da za a miƙa wa mai rarrafe ba ne. A ajiye shi a kabad mai gilashi, in yaro ya yi wayo a zauna da shi, a ba shi ruler da maganaɗisu ya gano shekarun taragon da kansa.

Gaskiya ita ce, mafi yawan taragan da za ka tsinta ba za su sa ka kuɗance ba, don an ƙera su da yawan gaske. Amma ba za ka san wanne ne na tsiya, wanne ne na arziki ba sai ka juya shi ka duba.